Me ke shanye batirin tsohuwar mota alhali tana ajiye?

Idan mota ta fara kwana da wuta ta wayi gari babu, abin da aka fi yi shi ne a ɗora wa batir laifi a sayo sabo. Sabon kan rufe matsalar na mako biyu ko uku, saboda yana da ƙarfin jure abin da tsohon ya kasa, daga nan sai a koma gidan jiya: turi da safe, ko neman wanda zai ba da wuta. Abubuwa uku ne ke kawo haka, kuma alamarsu iri ɗaya ce. Ko dai batirin ya gaji ba ya riƙe caji, ko altaneta, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, ba ta cika shi lokacin tafiya, ko kuma akwai wani abu a jikin motar da ke ci gaba da jan wuta bayan an zare makulli. Na ukun shi ne mai wahalar da mutane, domin ido ba ya ganinsa, zato ba ya kama shi, sai awo.

Kayan aikin ba su da yawa: mitar awon lantarki mai ramin 10A (ramin da ake soka tsinke don auna wuta har amfiya 10), sufana mai lamba 10 wadda ita ce ke kwance kan batir a yawancin motocin Japan, guntuwar waya mai kauri da maƙalai biyu a bakinta, ɗan matsefin cire fis, da sukundireba.

A fara wanke batir da altaneta daga zargi

Ba a neman abin da ke zuƙe batir kafin a tabbatar batirin lafiya yake. A caja shi da caja ta waje, a kan kimanin kashi ɗaya cikin goma na girmansa, wato batir mai 60Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) a ba shi kusan amfiya 6 na tsawon awa 10 zuwa 12. Yawo da mota na rabin awa ba ya cika batirin da ya mutu. Bayan caji a bar shi ya huta wasu awoyi, sannan a auna. Cikakken batir na nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan. Idan ya nuna 12.4 ya rage kusan kashi 75 cikin ɗari, 12.2 kusan rabi ne, 12.0 kuwa ya kusa ƙarewa. Wanda ya tsaya a wajen 10.5 duk cajin da aka yi masa, ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya mutu, babu gyara. Lokacin tada inji kuma bai kamata awon ya faɗi ƙasa da 9.6 ba.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a cire baƙar waya, mai alamar ragi, a bar motar ta kwana haka. In da safe batirin ya zube duk da ba a haɗe yake da komai ba, ciwon a cikinsa yake. In ya riƙe cajinsa, amma daren da aka bar shi a haɗe ya zube, to motar ce ke sha.

A duba saman batirin ma. Ƙura da ta haɗu da danshin ruwan batir tana zama hanyar wuta tsakanin kawunan biyu. A ɗora baƙin tsinken mita a kan ragi, a riƙa taɓa jikin robar saman batirin da jan tsinken. Idan mita ta nuna wasu bolt, ƙazantar tana ɗaukar wuta. Ruwa da bekin soda da tsohon buroshi sun isa, sai dai a kula kada ruwan ya shiga cikin ɗakunan. Zafi kuma na ƙara saurin zubewar batir da ƙafewar ruwansa, shi ya sa batirin da ya lallaɓa ya wuce hunturu kan bayyana gajiyarsa a watan Afrilu a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri.

Altaneta kuwa, a tada inji a auna a kan kawunan batir. Ana so a ga tsakanin 13.8 da 14.5, kuma kada ya faɗi sosai idan aka kunna fitilun gaba da fanka. Akwai wata al'ada ta cire kan batir inji na aiki wai a ga ko motar za ta mutu. A daina. Batir shi ke danne hawa da saukar wutar altaneta. Da an cire shi wutar na iya yin tsalle ta ƙona diyod ɗin altanetar, masu hana wuta komawa baya, ko ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, kuma diyod da ya lalace yana cikin manyan masu shanye batir da dare.

Nawa ne daidai, nawa ne ya yi yawa

Babu motar da ba ta jan komai a kashe. Agogo, ma'ajiyar tashoshin rediyo, ƙwaƙwalwar inji da na'urar karɓar rimot duk suna lasar wuta kaɗan. A tsohuwar mota mai lafiya adadin kan tsaya tsakanin miliamfiya (mA, kashi ɗaya cikin dubu na amfiya) 10 zuwa 30, kuma abin da aka saba ɗauka a matsayin iyaka shi ne 50. Mota irin Peugeot 504 mai kafireto, wadda ba ta da komai sai agogo, kusan sifili za ta nuna.

Lissafin yana da amfani fiye da yadda ake zato. Batir mai 60Ah kan fara kasa juya kik idan rabinsa ya tafi, wato 30Ah. Jan 30mA na cinye 0.72Ah a awa 24, saboda haka motar za ta yi fiye da wata guda a ajiye ta tashi. Jan 150mA zai kai ta ƙasa cikin kusan kwana takwas. Jan 400mA, kwana uku. Jan amfiya 3, awa goma, dare ɗaya ke nan. To idan mota na mutuwa a dare ɗaya amma mita ta nuna 80mA kacal, wannan adadin bai isa ya yi ɓarnar ba. Ko batirin ya riga ya ƙare, ko abin da ke sha yana zuwa ne yana tafiya.

Adadin kuma yakan faɗi irin abin da za a nema. Ƙwan fitila mai wat 5, irin na but ko na akwatin gaban fasinja, yana jan kusan 0.4A. Mai wat 10 kusan 0.8A. Rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa, idan ya zauna a kunne yana jan wajen 100 zuwa 200mA. Fitilun birki biyu masu wat 21 kowanne, kusan 3.5A. Maganaɗisun da ke kama kwamfiresan esi ya sa shi juyawa ma amfiya 3 zuwa 4. Wanda ya riƙe waɗannan a kai ya rage rabin aiki tun kafin ya taɓa fis.

Yadda ake haɗa mita

A kashe komai, a zare makulli, a ciro cajar waya da duk abin da aka soka a ramin kunna sigari. Tunda za a buƙaci akwatin fis na cikin mota, dole ƙofar direba ta kasance a buɗe amma motar ta ɗauka a rufe take. A tsofaffin motoci akwai ɗan maɓalli a jikin ginshiƙin ƙofa, sai a danne shi da matsewa ko a naɗe da salatef. A waɗanda maɓallin ke cikin makullin ƙofa, sai a tura harshen makullin da sukundireba har ya yi ƙara sau biyu. A tuna a ja hannun ƙofar a sake shi kafin a rufe, in ba haka ba za a buga harshen a lanƙwasa shi. Idan motar na da ƙararrawar tsaro, akwai irin wannan maɓalli a ƙarƙashin bonet, shi ma a danne.

Jan tsinke ya koma ramin 10A, baƙi a ramin COM, a juya mita zuwa amfiya ta DC. A kwance baƙar wayar batir. Tsinke ɗaya a kan ragi na batirin, ɗayan a bakin wayar da aka cire, yadda duk wutar da motar ke ja za ta bi ta cikin mita. A gefen ragi ake yi, domin in sufana ta taɓa ƙarfen mota a wannan gefen babu tartsatsi. A cire zobe da agogon hannu, kuma ban da sigari kusa da batirin da aka gama caji, iskar da yake fitarwa tana kamawa da wuta.

Kurakurai uku ne ke kashe mita a nan. Na farko farawa da ramin mA, wanda fis ɗinsa a yawancin mitoci 200 ko 400mA ne, alhali motar na iya jan amfiya da yawa a daƙiƙun farko. Na biyu murɗa makulli ko kunna fitilun gaba mita na haɗe. Kik kaɗai yana jan sama da amfiya ɗari. Na uku mantawa da tsinke a ramin 10A sannan a ɗora tsinkayen a kawunan batir biyu don auna bolt, wanda daidai yake da haɗa kawunan da waya. Idan mita ta nuna 0.00 cif kuma fitilar cikin mota ta ƙi kamawa da aka gwada, fis ɗin mitar ne ya ƙone, ba motar ce ta warke ba.

Motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa sama suna da ƙananan ƙwaƙwale da ba sa yin barci nan take. Da an haɗa mita za a iya ganin amfiya ɗaya ko biyu, sannan adadin ya riƙa sauka mataki-mataki. Wasu minti biyar sun isa, wasu sai an jira minti 30 zuwa 45. Wanda ya yi gaggawa zai kama marar laifi. Nan ne guntuwar wayar ke da amfani: a maƙala ta tsakanin jikin ƙarfen mota da gindin kan ragi na batir kafin a zare wayar, yadda wuta ba za ta yanke ba ko na daƙiƙa ɗaya. A haɗa mita, a jira motar ta yi barci, sannan a cire guntuwar wayar a karanta. Amfanin haka biyu ne. Rediyon da ke neman lambar sirri, kamar na Honda da yawa, ba zai kulle ba. Sannan akwai rile ko ƙwaƙwalwar da in an yanke mata wuta takan saki ta koma daidai na ɗan lokaci, a auna a ga komai lafiya, bayan kwana biyu ciwon ya dawo.

Fitilar gwaji da masu rewaya ke sakawa a madadin mita tana aiki a motar kafireto idan jan ya yi yawa. Ba ta faɗin adadi, ƙaramin ja ba ya kunna ta, kuma a mota mai ƙwaƙwalwa tana rage wutar da ke isa gare su har su riƙa farkawa suna komawa.

Bin layi ɗaya bayan ɗaya

Idan adadin ya zauna sama da 50mA, sai a koma kan fis. Hanyar da kowa ya sani ita ce a cire ɗaya, a kalli mita, a mayar, a wuce na gaba, har a kai wanda cire shi ya sa adadin ya faɗi. A ɗauki hoton akwatin kafin a fara, saboda fis mai 10A ja ne, 15A shuɗi, 20A rawaya, 30A kore, kuma musanya su wata sabuwar matsala ce. Yawancin motoci akwatuna biyu gare su, ɗaya kusa da batir, ɗaya ƙarƙashin sitiyari.

A mota mai ƙwaƙwale da yawa, mayar da fis kan farkar da su, a sake zaman jira. Mafita ita ce kada a cire komai. A bayan kowane fis mai ƙafa biyu akwai ɗigon ƙarfe biyu a fili. A mayar da wayar batir, a sa mita a milibolt (mV, kashi ɗaya cikin dubu na bolt) na DC, a taɓa ɗigon biyu. Fis ɗin da babu wuta a cikinsa zai nuna 0.0. Wanda wuta ke ratsawa zai nuna wani abu, ko da 0.3 ne. A fis mai 10A na girman da aka saba, milibolt ɗaya na nufin kusan 130mA; a mai 20A kusan 300mA. Wannan ita ce hanya mafi tsabta, sai dai tana son mita mai kyau da tsinke mai tsini, kuma ƙaramin ja a babban fis kan ɓuya.

Samun fis ɗin ba shi ne samun mai laifi ba, layi kawai aka gano. A Toyota, fis mai suna DOME na ciyar da fitilun ciki, sau da yawa har da agogo da ma'ajiyar rediyo. A Honda, mai suna BACK UP shi ke riƙe da irin waɗannan. Sai a mayar da fis ɗin a riƙa zare soket na kayan da ke kan layin ɗaya-ɗaya. Idan an zare duka adadin bai sauka ba, wayar ce ta goge tana taɓa ƙarfe, kuma wuraren dubawa su ne inda waya ke lanƙwasa kullum: robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, hannun murfin but, ƙarƙashin kujera, da inda ɓera ya samu shiga.

Inda aka fi kama shi

Kafin a zargi kayan kamfani, a duba abin da hannu ya ƙara. A motocin da suka shekara goma sha biyar ko ashirin suna sauya masu, nan ne ciwon ya fi zama: rediyo, amfilifaya, tiraka (na'urar bin sawun mota), ƙararrawar tsaro, ƙarin fitilu. Rediyon kasuwa na da rawayar waya wadda ke son wuta kullum don ma'ajiya, da jar waya wadda ke son wuta sai an murɗa makulli. Mai haɗawa da ke sauri yakan murɗe su wuri ɗaya ya ɗora a wutar dindindin. Fuskar rediyon za ta mutu in an danna, amma cikinsa na aiki, musamman manyan nan masu allo. A Golf 3 da sauran Volkswagen na lokacin akwai ƙarin tarko: a soket ɗin rediyonsu, gurbin wutar dindindin da na wutar makulli a juye suke idan aka kwatanta da yawancin rediyon kasuwa, shi ya sa wayoyin ja da rawaya ke zuwa da mahaɗi a tsakiya don a musanya. Amfilifaya kuma tana da siririyar waya shuɗiya mai ratsin fari da ke kunna ta. In aka ɗora wannan a wutar dindindin, ba za ta taɓa kashewa ba. Tiraka mai lafiya kaɗan take ja, amma wadda ƙaramin batirin cikinta ya lalace, ko aka bar tsohuwa a ɓoye aka ƙara sabuwa, tana iya wuce iyaka.

Fitilar but da ta akwatin gaban fasinja suna ci a ɓoye saboda ba mai ganinsu a rufe. A sa wayar hannu tana ɗaukar bidiyo a ciki a rufe, ko a buɗe da sauri a taɓa ƙwan; in da zafi, a kunne ya kwana. Fitilar birki ma haka: a Honda da wasu motocin Japan da Koriya akwai ɗan ƙullin roba a jikin fedar birki da ke danne maɓallin fitilar. Idan ya tsufa ya farfashe, fitilun na zama a kunne, da rana kuma ba a lura. Gutsattsarin roba a kan tabarmar direba ita ce shaidar.

Rile na iya maƙalewa. Wanda aka fi sani shi ne na kwamfiresan esi a Honda Accord da CR-V na shekarun 2000, inda bakinsa ke mannewa ya bar maganaɗisun a kunne bayan an kashe inji. A motar da ta huce, rile mai ɗumi abin zargi ne. A zare shi, in aka ji ƙaram daga wajen kwamfiresa an kama shi. Wasu motocin suna da nasu sanannen rauni: na'urar Bluetooth ta Acura TL ta 2004 zuwa 2008 da ke ƙin yin barci, da na'urar da ke sarrafa gudun fankar esi a BMW E39 da E46. Amma fankar lagireto da ta ci gaba da juyawa na wasu mintoci bayan an kashe Golf mai zafi ba ciwo ba ce, haka aka yi ta. Sai in ta ƙi tsayawa.

Idan an bi fis duka adadin bai motsa ba

To abin da ke sha ba ya bayan ƙananan fis. Saura altaneta, kik, manyan fis da aka ɗaure da noti, da duk wayar da wani ya ɗaura kai tsaye a gefen tarawa na batir. A fara da waɗannan ƙarin wayoyin, a cire su ɗaya-ɗaya.

Altaneta na da diyod aƙalla shida da aikinsu shi ne barin wuta ta fita zuwa batir ba tare da ta dawo ba. Idan ɗaya ya lalace, wuta na komawa ta cikin naɗin wayar altanetar zuwa ƙarfen inji duk dare, daga ɗaruruwan miliamfiya har amfiya biyu ko fiye. Abin ruɗarwar shi ne irin wannan altanetar na iya nuna 13.8 inji na aiki, a ce lafiyarta ƙalau. Alamunta: jikinta da ɗumi da safe alhali inji ya yi sanyi, ko wani siririn kuka a rediyo da ke bin totur. Don tabbatarwa, a raba mita da batir tukuna, a kwance babbar wayar bayan altaneta, a naɗe bakinta da salatef, a zare ƙaramin soket ɗin, sannan a sake haɗa mita. Wannan babbar wayar wuta ce kai tsaye daga batir, in ta taɓa inji batir na haɗe za ta narka sufana. In adadin ya faɗi, a mayar da soket ɗin kaɗai don a bambance tsakanin diyod da regileta, mai daidaita wutar altaneta. Wani gwajin shi ne a sa mita a bolt na AC a auna a bayan altaneta inji na aiki. Abin da ya kai rabin bolt alama ce ta diyod. Ba lallai a sayi altaneta sukutum ba, ana canza farantin diyod ɗin kaɗai. Abin da ke kashe shi tun farko shi ne ba da wuta a juye, walda a jikin mota batir na haɗe, da cire kan batir inji na aiki.

Mai zuwa yana tafiya shi ne mafi cin rai. Yau 25mA, gobe batir a ƙasa. A nan ana buƙatar mita mai riƙe adadi mafi girma da ta gani, a bar ta a haɗe ta kwana. A kuma lura da lokacin da abin ke faruwa. In bayan ruwan sama ne ko wankin mota, a ɗaga kafet a duba danshi a akwatin fis da soket na ƙasa. In sai an kulle da rimot ne, a yi awon a kulle. In makulli na fita amma rediyo ko gilashin ƙofa na aiki, mazaunin makullin ya cinye ba ya yanke layin.

Cire kan batir kowane dare yana tada mota da safe, kuma babu laifi a yi shi na 'yan kwanaki kafin a samu mai gyara, ko a sa makunnin yanke wuta a gefen ragi idan motar za ta daɗe a ajiye. Amma yawan cirewa na sassauta kan batirin, kuma idan waya ce ta goge, tana nan tana zafi duk lokacin da aka mayar. Fis ɗin da aka maye gurbinsa da zaren waya ko takardar sigari ya fi wannan haɗari, domin an cire abin da zai yanke wutar kafin roba ta kama.

Bayan gyara a maimaita awon daga farko, da jiran barcin da komai, saboda ba abin mamaki ba ne a samu masu sha biyu a mota ɗaya: an cire 400mA, saura 90 a wani layin. Sannan a sake cika batirin da caja ta waje a gwada shi. Batirin tada mota ba a yi shi don a riƙa ƙarar da shi ba. Duk lokacin da ya zauna ƙasa da 12.4 na kwanaki, gishirin dalma na daskarewa a farantansa yana rage masa ciki. Wanda ya mutu sau da yawa kafin a gano matsalar zai iya nuna 12.6 bayan caji amma ya faɗi ƙasa da 9.6 da an murɗa makulli. Irin wannan sai canji, kuma yanzu ne lokacin sayen sabon.